Rowar iri: shawara ga matasa masu binciken alkama

Ƙannena da kuka zaɓi binciken alkama da danginta na hatsi, kafin ku ɗauki hantsaki da almakashi ku shiga filin gwaji, ina so kowannenku ya zauna ya bi nasabar iri ɗaya tak, daga uwa zuwa kaka, har inda takardu suka ƙare. Ku fara da Norin 10, gajeruwar alkamar da jininta yake cikin mafi yawan alkamar da ake nomawa a duniya yau.

Ana ce mata 'yar Japan, amma ba a Japan kaɗai danginta suke ba. Kakarta, Daruma, gajeruwar alkama ce ta manoman Japan. An haɗa ta da Fultz ta Amurka, abin da aka samu kuma aka sake haɗa shi da Turkey Red, wadda manoma 'yan ƙaura suka kai Kansas daga kudancin daular Rasha a shekarun 1870. Daga zuriyar wannan haɗi ne Gonjiro Inazuka ya tace Norin 10 a tashar gwaji ta Iwate, aka yi mata rajista a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani masanin noma Ba'amurke, Cecil Salmon, ya gan ta a Japan, ya aika da irinta gida a 1946. Ta faɗa hannun Orville Vogel a Pullman, jihar Washington, shi kuma ya haɗa ta da wata alkama mai suna Brevor. To, a nan nake so ku dakata. Vogel bai fitar da nasa irin, Gaines, ba sai a 1961. Amma tun a 1953 ya riga ya aika wa Norman Borlaug, Ba'amurke mai tace irin alkama, 'yan ƙwayoyi zuwa Meziko. Shekara takwas kafin ya ci guminsa, ya buɗe hannu ya ba wani, alhali yana sane da darajar abin da ke hannunsa.

Darajar kuwa ita ce gajarta. Doguwar alkama in ta sha takin zamani sai zangarniya ta yi mata nauyi, iska ta kaɗa, ta kwanta, hatsin ya lalace a ƙasa. Ƙwayoyin gado biyu da Norin 10 ke ɗauke da su, waɗanda aka sa wa suna Rht1 da Rht2, suna rage tsawon kara, ƙarfin tsiro ya koma ga hatsi. Daga ƙwayoyin Vogel aka samu Pitic 62 da Penjamo 62 a Meziko, sannan Sonora 64 da Lerma Rojo 64. Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri a 1966, Pakistan ta sayi tan 42,000 a 1967, kuma alkamar da Indiya ke girba ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug kyautar Nobel.

Na daɗe ina ba ɗalibai wannan tarihi a gurguje, da sunan mutum ɗaya a bakina. Borlaug ya je Meziko a 1944, Borlaug ya yi, Borlaug ya ceci duniya. Ban taɓa ambaton Inazuka ba. Vogel sai a taƙaice. Ban faɗi cewa M. S. Swaminathan, masanin noma ɗan Indiya, da abokan aikinsa ne suka nemi a gayyato Borlaug Indiya a 1963 ba, ko cewa masanan Indiya da Pakistan ne suka tace irin da manomansu suka yarda da launin hatsinsa. Haɗi ɗaya, mai lamba 8156, shi ne ya zama Siete Cerros a Meziko, Kalyan Sona a Indiya, Mexipak a Pakistan. Borlaug kansa bai ɓoye waɗannan sunaye ba, ni ne na share su don labari ya yi daɗin ji. Kuma wanda na fi cuta da wannan gajeren labari shi ne ni kaina, domin duk wanda ya ɗauka cewa gwarzo ɗaya ne yake yin wannan aiki, zai so ya zama gwarzon, daga nan kuma sai rowa ta shigo.

Ta shige ni sosai. Ina da wasu layukan alkama da na tace, masu jure cutar tsatsa a filina, kuma ina ji da su. Wani abokin aiki daga wata ƙasa ya rubuto yana neman kaɗan don ya gwada a wurinsu. Na yi ta yi masa hanya-hanya, yau in ce iri bai isa ba, gobe in ce sai na kammala rubuta sakamako. Gaskiyar maganar ita ce tsoro nake ji kada ya riga ni bugawa. Da na ga dama na aika, bayan an ɗauki lokaci, amsar da ta dawo ta sanyaya mini jiki: tsatsar wurinsu ta cinye layukan nawa ƙurmus. Juriyar da nake taƙama da ita juriya ce ga nau'in tsatsar da ke filina kawai. Da na aika tun farko, da na sani tun farko, da ban ɓata shekaru ina gini a kan tubalin toka ba. Sauran layukan da ban ba kowa ba kuwa, na'urar sanyaya ɗakin ajiya ta lalace, zafi da laima suka kashe su, kuma babu wani mahaluki a duniya da zan rubuta wa in ce ya maido mini da kwafi. Hausawa sun ce wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Ku fahimci dalilin abin ta fuskar kimiyya, kada ku ɗauka wa'azin kyauta kawai nake yi muku. Tsatsa naman gwari ce mai nau'o'i barkatai, kuma ƙurarta tana bin iska ta ƙetare teku. H. H. Flor ya nuna, da bincikensa a kan tsatsar wani tsiro da ake saƙa da zarensa, cewa kowace ƙwayar gadon juriya a jikin tsiro tana da takwararta a jikin cutar, kuma da zarar cutar ta sauya tata, juriyar ta tashi aiki. Saboda haka fili ɗaya ba zai taɓa gaya maka gaskiyar irinka ba. Amurka da Kanada sun koyi wannan da tsada lokacin da nau'in tsatsar kara mai suna 15B ya ɓarke a farkon shekarun 1950, ya lalata mafi yawan alkamar taliya ta arewacin Amurka a 1954. A wannan zamani ne aka fara rarraba iri ɗaya zuwa ƙasashe da yawa, kowa ya shuka, ya duba, ya maido da sakamako. Cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, CIMMYT, wadda aka kafa a Meziko a 1966, ta ɗauki wannan tsari ta faɗaɗa shi, har yau kuma akwatunan irinta suna zuwa hannun masu bincike a faɗin duniya kyauta, abin da ake nema a wurinsu shi ne su maido da bayanan abin da suka gani. In irin wannan akwati ya zo hannunku, ku cika takardar da gaskiya, ku mayar a kan lokaci. Na sha ajiye tawa har kaka ta wuce, ina ganin ai nawa ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Wata rowar ce ita ma.

Ko dabarar da ta sa alkamar Meziko ta karɓu a ƙasashe masu nisa, daga sauyin wuri ta fito. Borlaug yana shuka a kwarin Yaqui na jihar Sonora, kusa da gaɓar teku, ya girbe, ya kwashi irin ya haura da shi Toluca mai tsayin kimanin mita 2,600, ya sake shukawa a shekarar. Sauri yake nema, zuriya biyu a shekara maimakon ɗaya. Amma sai ya zamana duk layin da ya tsira a wuraren biyu bai damu da tsawon yini ba, don haka ya yi kyau a Punjab kamar yadda ya yi a Sonora. Wani ɓangare na wannan hali ma gado ne daga Mentana ta Nazareno Strampelli na Italiya, wanda tun 1913 ya haɗa alkamarsa da Akakomugi ta Japan.

Bari in koma baya kaɗan, ga waɗanda suka fi son madubin ƙara girma a kan filin gwaji, don kada su ce wannan magana ta masu tace iri ce kawai. A 1918 Tetsu Sakamura ya ƙidaya kuromosom na alkama, wato zaren da ƙwayoyin gado ke zaune a kansu, daidai: 14 a wasu nau'o'i, 28 a alkamar taliya, 42 a alkamar burodi. Da zai tafi ƙaro ilimi waje sai ya bar wa Hitoshi Kihara kayan aikinsa, Kihara kuma ya shafe rayuwarsa yana warware yadda tsirrai uku suka haɗu suka zama alkamar burodi, rukunonin da muke kira A da B da D. A 1944, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Japan da Amurka, Kihara ya gano cewa wata ciyawar daji, Aegilops tauschii, ita ce ta ba da rukunin D. A daidai wannan lokaci Edgar McFadden da Ernest Sears a Amurka suka kai ga amsa ɗaya, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake yi. Ƙwararru a ɓangarori biyu suna maimaita aiki guda saboda wasiƙa ba ta wucewa. Bayan yaƙin Kihara yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kan musayar labari, ya fara fitar da wata mujallar bayanan alkama daga Kyoto a 1954. A 1958 aka yi babban taron farko na masanan gadon alkama na duniya a Winnipeg ta Kanada, aka ci gaba da yin sa duk bayan shekara biyar: Lund a 1963, Canberra a 1968, Missouri a 1973, New Delhi a 1978, Kyoto a 1983.

Sears shi ne mutumin da nake so ku yi koyi da shi. Ya ɗauki wata alkama 'yar asalin ƙasar Sin, Chinese Spring, wadda manomi ba zai waiwaye ta ba, ya shafe sama da shekara goma a Missouri yana samar da layuka daga gare ta, kowane layi ya rasa kuromosom guda daga cikin tagwaye 21. Da waɗannan layuka ake gane a kan wane kuromosom wata ƙwayar gado take zaune. Ya buga aikin a 1954, kuma duk wanda ya rubuto yana nema, sai ya aika masa. Shi ya sa Chinese Spring ta zama ma'aunin kowa. Sears ya rasu a 1991. Da gamayyar masanan duniya da aka kafa a 2005 ta tashi karanta ɗaukacin kundin gadon alkama, wanda ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa maimaici ne, layukan Sears aka yi amfani da su a ɗakin gwajin Jaroslav Doležel a ƙasar Cek wajen ware kuromosom ɗaya-ɗaya, aka raba wa ƙasashe. Faransa ta ɗauki kuromosom 3B, mafi girma. Cikakken sakamakon ya fito a 2018, da sunayen marubuta 202 daga cibiyoyi 73 a ƙasashe 20, da ƙwayoyin gado 107,891. Duk a kan alkamar da wani ya yarda ya rarraba shekaru sittin kafin nan.

Wani abin da tarukan nan suka haifar, wanda matasa kan raina, shi ne daidaita suna. Daga 1973 Robert McIntosh na Sydney ya shafe shekaru da dama yana kula da kundin sunayen ƙwayoyin gadon alkama, don in ɗan Kenya ya ce Sr2, ɗan Ostareliya ya san abin da ake nufi. Ni kuwa na yi shekaru ina sa wa layukana lambobin da ni kaɗai na san ma'anarsu, nasabar kuma tana cikin kaina. Ranar da wani ɗalibi ya gaji aikin, sai ya tarar da ambulan cike da iri marasa asali. Ku rubuta uwa da uba, da shekara, da wuri, da tsarin da kowa ya sani, a ranar da kuka yi haɗin, ba washegari ba.

Akwai kuma raini. Idon mai tace iri yana son tsiro mai kyan gani, tsayayye, mai cikar zangarniya, ni ma da wannan ido na zubar da tsofaffin irin manoma da dama don na ga sun yi tsawo sun kwanta. A 1948 Jack Harlan ya tsinto wata alkama a gabashin Turkiyya, aka ba ta lamba PI 178383. Shi da kansa ya bayyana ta a matsayin abar tausayi: doguwa, siririyar kara, mai saurin kwanciya, marar kyan gari. Ta yi kimanin shekara 15 a ajiye babu mai kula ta, sai da tsatsa mai ratsi ta addabi arewa maso yammacin Amurka aka gwada ta, aka tarar tana jure wannan cuta da wasu cututtukan zangarniya da dama, ta shiga nasabar irin yankin. Haka tarin A. E. Watkins na Cambridge, wanda ya roƙi ma'aikatan ofisoshin jakadancin Birtaniya su sayo masa alkama a kasuwannin ƙasashen da suke a shekarun 1920 da 1930. Layuka 827 daga ƙasashe 32 suka tsira. Da masanan Ingila da na Sin suka karanta gadonsu, suka buga a 2024, sai aka ga cewa daga rukunonin kakanni bakwai da ke cikin tarin, biyu kacal alkamar zamani ta gada. Abin da ba ku ga amfaninsa ba yau, ku busar da shi, ku rubuta inda ya fito, ku kai rumbun adana iri.

Kuma kada ya zama rumbu ɗaya. Nikolai Vavilov, masanin tsirrai ɗan Rasha, ya zaga nahiyoyi biyar, har da Afganistan a 1924 da Habasha a 1927, ya tara samfuri sama da 200,000 a Leningrad. Siyasa ta juya masa baya, aka kama shi a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a 1943. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya, wasu daga cikin ma'aikatansa sun mutu da yunwa a tsakiyar buhunan irin da suka ƙi ci. Ba na iya karanta wannan tarihi ba tare da jikina ya yi sanyi ba, kuma ba na son a sake sa wani ɗan Adam a irin wannan hali. Cibiyar binciken noma a busassun yankuna, ICARDA, ta tsira daga makamancinsa ne don ta riga ta aika da kwafin irinta zuwa rumbun Svalbard na ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008. Da yaƙin Siriya ya raba ta da Aleppo, ta karɓo ajiyarta a 2015, ta sake shukawa a Labanon da Maroko.

Ba zan ɓoye muku ba, musayar iri tana da nata haɗarin. In kowa yana ɗiba daga tushe ɗaya, gonakin duniya sai su zama 'yan uwa ɗaya, cuta ɗaya ta ishe su. Wani guntun kuromosom na hatsin rai, ɗan'uwan alkama da ake nomawa a ƙasashen sanyi, ya fito daga Jamus, ya bi ta alkamar Kavkaz ta Rasha, ya shiga layukan Veery da Sanjaya Rajaram ya samar a CIMMYT. Yana ɗauke da ƙwayar gadon juriya Sr31, wadda ta tsare alkama daga tsatsar kara shekaru da dama, har mutane suka saki jiki, aka rage kuɗin binciken tsatsa. A 1998 William Wagoire ya ga tsatsa a kan alkama mai Sr31 a Yuganda, aka aika da samfurin wa Zak Pretorius a Afirka ta Kudu, ya tabbatar sabon nau'i ne. Shi ne Ug99. Ya bazu zuwa Kenya da Habasha, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman, ya kai Iran a 2007, kuma gwaji ya nuna mafi yawan irin da ake nomawa a duniya ba sa jure masa. Borlaug, yana da shekara sama da 90, ya tashi ya yi ta kururuwa har aka kafa gamayyar yaƙi da tsatsa a 2005. Filin Njoro na Kenya ya zama wurin da ƙasashe ke aika dubban layuka kowace shekara don su fuskanci cutar a gidanta. Darasin da masu tace iri suka ɗauka shi ne a daina dogaro da babbar ƙwayar gado ɗaya, a tara ƙanana da yawa masu rage wa cuta ƙarfi, irin su Sr2, wadda McFadden ya ɗauko daga wata tsohuwar alkamar Rasha tun shekarun 1920, da Lr34, wadda ta yaɗu ta hanyar Frontana ta Barazil. In aka ba ku iri mai kyau daga waje, ku haɗa shi da abin da ke wurinku, kada ku maye gurbin komai da shi.

Sai maganar adalci, wadda tsararrakina ba mu cika son a tayar ba. Yawancin tsofaffin irin da ke rumbunan duniya daga gonakin talakawan manoma aka ɗebo su, a Habasha da Turkiyya da Afganistan da sauransu, ba tare da an rubuta sunan kowa ba, wasu kuma suka koma hannun kamfanoni da takardar mallaka. Ƙorafin ƙasashe masu tasowa a kan wannan gaskiya ne. Shi ya kai ga yarjejeniyar 1992 da ta ba kowace ƙasa iko a kan albarkatun halittunta, sannan yarjejeniyar irin shuka ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta sa amfanin gona 64, har da alkama da sha'ir da shinkafa da dawa da gero, a cikin tsarin musaya na bai ɗaya mai takarda guda da mai bayarwa da mai karɓa ke sa wa hannu. Ku karanta wannan takarda da kanku kafin ku aika ko ku karɓa, ku nemi shaidar lafiyar iri daga hukumar killace tsirrai, kada ku cusa ƙwayoyi a aljihun jaka ku hau jirgi. A cikin gida ma akwai adalcin da ya rataya a wuyanku. Na taɓa buga sakamakon gwaji ban sa sunan ma'aikacin da ya tsaya cikin rana yana auna tsatsa ganye bayan ganye ba, na ce ai aikinsa ne ana biyansa. Idonsa ya fi nawa sanin cutar. Ya rasu ban gyara ba, kuma abin yana damuna har yau. In ku ne kuka yi aikin fili a haɗin gwiwa da wata babbar jami'a ta waje, ku yi maganar jerin sunaye tun kafin a shuka, a rubuce, cikin ladabi, ba tare da jin kunya ba. In ku ne a sama, ku tambayi kanku wa kuka bari a baya.

Ku da kuka zo a zamanin intanet, rowarku ba a ambulan za ta fi bayyana ba, a kwamfuta ne, inda mutum zai danne bayanan gado shekara da shekaru yana jiran babbar mujalla. A watan Fabrairun 2016 wata cutar zangarniya da aka fara gani a Barazil a 1985 ta ɓulla a Bangaladash, ta kama kimanin hekta 15,000. Tofazzal Islam da abokan aikinsa suka tattara ganyaye daga gonaki, aka karanta gadon cutar a Ingila tare da Sophien Kamoun, suka zuba ɗanyen bayanan a intanet nan take, kafin su rubuta komai, suka ce duk mai iyawa ya duba. Masana daga ƙasashe daban-daban suka kwatanta da abin da ke hannunsu, cikin makonni aka gane cewa cutar daga Kudancin Amurka ta zo. A 2017 Bangaladash, tare da CIMMYT, ta fitar da BARI Gom 33 mai jure cutar. Juriyar tana zaune a kan wani guntun kuromosom mai suna 2NS, wanda masanan Faransa suka shigar da shi alkama daga ciyawar daji tun shekarun 1960, suna neman maganin wata cuta dabam. Cutar ta kuma ɓulla a Zambiya a 2018, kuma an riga an ga nau'o'inta a Kudancin Amurka da 2NS ba ta tsare su sosai, don haka neman wata hanyar juriya yana nan yana jiran masu yi, a filayen gwaji na Bolibiya da Bangaladash inda ake karɓar layuka daga ko'ina.